Karayar Ƙashin Wuya na Sama: Nazarin Abin da Ya Sami Christopher Reeve

Ranar Asabar 27 ga Mayu, 1995, a garin Culpeper da ke jihar Virginia ta Amurka, Christopher Reeve, ɗan wasan da duniya ta sani da fim ɗin Superman na 1978, ya shiga gasar tsallake shinge da doki. Shekarunsa 42, dogo ne ƙaƙƙarfa, tsawonsa ƙafa shida da inci huɗu, kuma ba baƙon sirdi ba ne. Yana sanye da hular kwano da rigar kariya. Da suka iso shinge na uku, wanda ba ya ma cikin waɗanda yake shakka, sai dokin ya turje bagatatan. Doki ya tsaya, mahayi bai tsaya ba. Hannuwansa suka sarƙe a linzami, bai sami damar tare faɗuwar da su ba, ya sauka da ka, nauyin jikinsa duka ya bi ta tsakar kai ya sauka a wuya. Ƙashin wuya na farko da na biyu suka karye. Nan take hannuwa da ƙafafu suka daina motsi, numfashi kuma ya ɗauke.

Ba shaharar mai shi ce ta sa wannan lamari ya cancanci nazari ba. Shi da kansa ya yarda aka bayyana tarihin jinyarsa, likitocinsa ma suka rubuta, don haka ana iya bin sa daki-daki tun daga filin gasar har ranar da ya cika. Wanda ya bi shi kuwa zai ga abin da dangin majinyata da yawa ba sa son ji: aikin da ake yi wa karyayyen wuya ƙashi yake gyarawa, laka kuwa ba ya iya ɗinke ta. Abin da ya sami laka a daƙiƙar farko ya same ta, ko kuma a hannun waɗanda suka ɗauki mutumin. Sauran aikin duk na hana ɓarna ƙaruwa ne, da raya mutum har ya ci moriyar abin da ya rage masa.

Inda kai ya haɗu da wuya

Ƙasusuwan wuya bakwai ne, likitoci na ƙirga su daga sama, C1 zuwa C7. Biyar na ƙasa kusan ƙirarsu ɗaya. Biyun sama su ne daban. Na farko, wanda ake kira atlas, zobe ne kawai, a kansa ƙoƙon kai yake zaune. Na biyu, aksis, yana da wani tsinin ƙashi da ya miƙe sama ya shige cikin zoben ta gaba, zoben yana kewaya shi kamar yadda dabba ke kewaya turkenta. Wata jijiya mai ƙarfi ta ratsa ta bayan wannan turke ta ɗaure shi da gaban zoben, ita ce ke hana shi komawa baya inda laka take wucewa. Kusan rabin waigen da mutum ke yi dama da hagu a wannan gaɓa ɗaya yake faruwa. Wuri ne da aka yi domin motsi, ƙarfinsa kuma ya fi dogara ga jijiyoyi a kan ƙashi, shi ya sa in ya karye yake rawa.

A 1968 wani likitan ƙashi Ba'amurke, Howard Steel, ya yi bayanin da har yau ake koyarwa. Faɗin cikin zoben daga gaba zuwa baya ya kai kimanin santimita uku. Turke ya ci ɗaya, laka ta ci ɗaya, ɗayan kuma fili ne. Wannan fili shi ne ya raba masu irin wannan karaya gida biyu. Idan ƙashi ya goce bai wuce filin ba, laka ta tsira, mutum zai iya tashi da ƙafarsa ya je asibiti. Idan ya wuce, to an taɓa laka a wurin da ya fi ko'ina haɗari, da yawa ma a wurin haɗarin suke cikawa.

Dalili kuwa shi ne numfashi. Jijiyar da ke motsa tantanin numfashi, wato naman da ya raba ƙirji da ciki, daga laka take fitowa a daidai C3, C4 da C5. Raunin da ke ƙasa da nan yana iya shanye hannu da ƙafa ya bar mutum yana numfashi. Wanda ke sama da nan yana yanke saƙon ƙwaƙwalwa gaba ɗaya, huhu lafiyarsa ƙalau amma babu mai ba shi umarni. Ƙwaƙwalwa kuma ba ta wuce minti huɗu zuwa shida babu iska ba tare da ta fara lalacewa ba. Abu biyu suka sa Reeve ya rayu da hankalinsa cikakke: hular kwano ta kare masa ƙwaƙwalwa, sannan akwai masu agajin gaggawa a kusa, waɗanda suka iso cikin kimanin minti uku suka fara tura masa iska.

Yadda ake buɗe hanyar iska a irin wannan hali yana da wuyar sha'ani. Mai koyon agaji akan ce masa ya ɗaga haɓar wanda ya suma, ya lanƙwasa kansa baya. Ga wanda ake zargin wuyansa ya karye, wannan lanƙwasawar ce abin gudu. Mutum ɗaya zai durƙusa ta wajen kai, ya tallafe shi da tafukansa biyu, ya sa yatsu a bayan kusurwar muƙamuƙi ya tura shi gaba, kai yana nan inda yake. Ba zai saki ba sai an sa kwalar wuya mai tauri an kuma tare kan ta gefe biyu. In za a juya majinyacin, mai riƙe da kai shi ke ba da umarni, sauran su mirgina kafaɗa da ƙugu da ƙafafu lokaci guda, kada wani sashe ya riga wani.

A nan ne abin ya shafe mu kai tsaye. Kowa ya san yadda ake yi a kan hanyoyinmu in mota ta kife ko babur ya zubar da mutane, ko doki ya kayar da mahayi ranar hawa. Jama'a su taso da kyakkyawar niyya, wannan ya kama hannu, wancan ya kama ƙafa, kai yana reto, a zaunar da mutum a yayyafa masa ruwa, a cusa shi a bayan mota ko a keke. Babu wanda ya yi nufin cuta. Amma santimita ɗayan nan da ta rage tsakanin ƙashi da laka ba ta jure irin wannan ɗauka. Ƙyauren ƙofa ko faffaɗan katako, da mutum guda da zai riƙe kai har asibiti, sun fi gaggawar da ake yi amfani nesa ba kusa ba. Haka nan wanda ya faɗi yana kukan wuya, ba wurin mai ɗori ake kai shi a ja masa wuya ba.

Gano karayar

An fara kai Reeve asibitin garin Culpeper, daga nan jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke shi zuwa asibitin Jami'ar Virginia da ke Charlottesville, inda ya shiga hannun Dokta John Jane, shugaban sashen tiyatar ƙwaƙwalwa da laka.

Tambaya biyu likita ke son amsa a irin wannan majinyaci, kuma ba ɗaya ba ne. Ta farko, me ya sami laka? Ta biyu, ƙashin nan zai iya riƙe kai ko kuwa rawa yake?

Ta farko da hannu ake amsa ta kafin na'ura. Ana gwada ƙarfin wasu tsokoki da aka ware a hannu da ƙafa, ana bin fata daga ƙeya zuwa ƙasa da auduga da kuma tsinin allura, ana tambayar majinyaci inda ya ji. Gwaji na ƙarshe shi ne wanda mutane suka fi jin kunya, shi ne kuma ya fi muhimmanci: ko akwai ji ko matsewa a dubura. Jijiyoyin wurin su ne na can ƙarshen laka, in saƙo yana isa gare su to ba a yanke hanyar duka ba, akwai fata. Da wannan ake sa majinyaci a ma'aunin ASIA, wato ma'aunin tsananin raunin laka, daga A, wato babu ji babu motsi a ƙasan rauni, zuwa E, wato lafiya lau. Reeve a A ya faɗa, a matakin C2. Ba a cika yanke hukunci a ranar farko ba, domin laka takan yi wani irin suma bayan bugu, sai an sake gwadawa bayan kwanaki.

Akwai kuma wata alama da ke ruɗar wanda bai saba ba. Mai zubar jini, hawan jininsa yana sauka zuciya tana gudu. Mai raunin laka ta sama, hawan jini ya sauka, zuciya kuma ta yi sanyi tana bugawa a hankali, fata da ɗumi, saboda jijiyoyin da ke matse hanyoyin jini sun rasa mai sarrafa su. In aka yi ta ɗura masa ruwa kawai sai huhu ya cika. Magani mai matse hanyoyin jini yake buƙata, domin lakar da ta ji rauni in ta rasa isasshen jini ɓarnar ƙaruwa take.

Tambaya ta biyu ta hoto ce. Hoton ƙashi na yau da kullum yana da rauni a wannan wuri, domin haƙora da muƙamuƙi da gindin ƙoƙon kai suna rufe shi, shi ya sa ake ɗaukar wani ta cikin baki a buɗe. Ko da hakan yakan ɓoye karaya. Hoton CT shi ne ke nuna ƙashi yanka-yanka, MRI kuma ya nuna laka da jijiyoyin da suka ɗaure gaɓar. Abin da likita ke aunawa da milimita ne. In tazarar da ke tsakanin gaban zobe da turke ta wuce milimita 3 a babban mutum, ana zargin jijiyar da ta ɗaure su. In zoben ya fashe, irin karayar da likitan Ingila Geoffrey Jefferson ya bayyana a 1920, aka kuma ga gefunansa biyu sun zarce na ƙashin ƙasa da jimlar kusan milimita 7, to alama ce jijiyar ta tsinke. Karayar turken kansa kuma likitoci biyu, Anderson da D'Alonzo, sun kasa ta uku a 1974: ta farko a can tsini, ta biyu a gindin turke inda ya haɗu da jikin ƙashin, ta uku ta gangara cikin jikin ƙashin. Ta uku takan haɗe, saboda faɗin wurin da yawan jini. Ta biyu ita ce ta fi yawa, ita ce kuma mai taurin kai, domin gindin siriri ne jininsa kaɗan. In ta goce fiye da milimita 5, ko mai ita ya haura shekara 50, haɗarin ta ƙi haɗewa yana ƙaruwa sosai. Rahoton da likitoci suka buga daga baya a kan jinyar Reeve ya bayyana karayar C2 ɗinsa a matsayin irin ta biyu, wadda ta goce.

Ba a tsayawa a karayar da aka fara gani. Ana duba sauran ƙashin baya, domin wanda ya karye a wuri ɗaya yakan karye a wani. Ana kuma duba manyan hanyoyin jini biyu da ke ratsa ramukan ƙasusuwan wuya su kewaya C1 kafin su shiga kai, domin in ɗaya ta yage tana iya jawo shanyewar ɓarin jiki bayan kwanaki.

A wurin Reeve babu wanda zai yi kuskuren gane cewa wuya ne, mutum ne kwance ba motsi ba numfashi. Wanda na fi jin wa tsoro shi ne mai irin karayarsa wanda lakarsa ta tsira. Yakan shigo da ƙafarsa, wani lokaci ya tallafe kansa da hannu biyu, yana cewa ƙeyarsa ke ciwo, ba ya iya waiwaye. In tsoho ne ma wataƙila santsi kawai ya kwashe shi a banɗaki goshinsa ya bugi ƙasa. Irin wannan ne ake ba maganin ciwon jiki a ce ya je gida, targaɗe ne. Bayan makonni ko watanni sai ya dawo ƙafa tana ja, hannu yana saki, domin turken da bai haɗe ba yana ta gugar laka. Ƙa'idar da likitocin Kanada suka fitar a 2001 ta sauƙaƙa wannan hukunci: wanda ya kai shekara 65, ko ya faɗo daga abin da ya wuce mita ɗaya, ko ya sauka da ka, ko abin hawa ya wurgar da shi, ko yana jin tsikari a hannu ko ƙafa, a ɗauki hoton wuyansa, ko da yana tafiya yana hira.

Kwana tara kafin tiyata

Ba a yi wa Reeve aiki ba sai ranar 5 ga Yuni. A tsakanin nan yana kan injin numfashi, an riƙe kansa da ƙarfen da aka kafa a ƙoƙon kai da nauyi yana ja don ƙashi ya tsaya a layi. Abin da ya jinkirta aikin huhu ne, ruwa ya taru ciwon huhu ya shiga. Wannan ba abin mamaki ba ne. Wanda ba ya iya tari, majina ba ta da mafita, kwanciyar rigingine kuma tana ƙara tara ta. Sai bayan kwana biyar ya dawo hayyacinsa sosai, aka gaya masa halin da yake ciki, aka kuma gaya masa aikin da za a yi rabi da rabi ne tsakanin rayuwa da mutuwa. Shi da kansa ya faɗa daga baya cewa a lokacin ya yi tunanin gara a bar shi ya tafi, matarsa Dana ce ta tsaya masa. Ina ganin wannan ma cikin jinya yake. Mutumin da jiya yake kan doki yau aka ce ko ƙuda ba zai iya korewa ba, kulawa da zuciyarsa ba ta gaza kulawa da huhunsa ba.

An kuma ba shi maganin methylprednisolone mai yawa a sa'o'in farko. A lokacin haka ake yi, saboda wani babban bincike da aka buga a Amurka a 1990 ya nuna kamar yana taimakawa in aka bayar cikin sa'a takwas. Daga baya aka yi ta sake duba hujjar, aka ga amfanin bai tabbata ba, illar kuwa ta tabbata, musamman kamuwa da ƙwayoyin cuta da zubar jini a ciki. A 2013 ƙungiyoyin likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa na Amurka suka ba da shawarar a daina. Abin da suka ƙarfafa maimakonsa shi ne riƙe matsakaicin ƙarfin jini tsakanin 85 da 90 a ma'aunin hawan jini har mako guda.

Zaɓin aiki

Ba kowace karayar wuya ta sama ake yi wa tiyata ba. Wadda ba ta goce ba kuma jijiyoyinta suna nan, kwalar wuya mai tauri ta wadatar. Sama da ita akwai halo, wanda likitoci Perry da Nickel suka fito da shi a 1959: zoben ƙarfe ne da ake kafawa a ƙoƙon kai da ƙusoshi huɗu, sanduna su haɗa shi da rigar roba mai tauri a ƙirji, a zauna da shi kamar wata uku. Yana aiki ga matashi mai ƙarfi. Tsofaffi ba sa jure shi, yana hana su haɗiya da numfashi sosai, yana kuma kayar da su.

In tiyata ce, hanya biyu ce. Ta gaba, a bi ta gaban wuya a zura ƙusa mai murɗi ta cikin jikin C2 ta haura cikin turken ta ɗinke shi. Kyawunta shi ne ba a taɓa gaɓar ba, mutum zai ci gaba da waiwaye. Amma tana da sharuɗɗa: karaya sabuwa, ƙashi mai ƙwari, layin karayar ya dace, jijiyar bayan turke kuma tana nan. Ta baya kuwa haɗe C1 da C2 ake yi su zama ƙashi ɗaya. Ta fi tabbas, amma kuɗinta shi ne rabin waiwaye har abada. Wanda aka yi wa, in zai sallame salla sai ya juya da kafaɗa, in zai tsallaka titi ma haka. Likita na gari yakan faɗa wa majinyaci wannan kafin a shiga, ba bayan an fito ba. In kuma C1 ɗin kansa ya farfashe har ba zai riƙe ƙarfe ba, sai a haura a kama gindin ƙoƙon kai, a nan har gyaɗa kai ma yana raguwa.

A ganina zaɓin da ke gaban Dokta Jane bai da yawa. Ƙashi biyu ne suka karye, ba ɗaya ba. Rigar halo a ƙirjin mutumin da inji ke hura masa iska, huhunsa cike da majina, fatarsa ba ta jin ciwo, neman wata fitinar ce. Adana waiwaye kuma ba shi ne abin damuwa ba a wurin wanda rayuwarsa ke rataye. Abin da ake buƙata shi ne wuya ya tsaya da ƙarfinsa, don a ɗaga shi zaune a juya shi a share masa huhu ba tare da fargaba ba. Aka bi ta baya, aka yi amfani da waya da ƙarfen taitaniyam, aka ɗebo ƙashi daga ƙugunsa aka shimfiɗa, aka ɗaure ƙasusuwan biyu da gindin ƙoƙon kai. Jaridu suka ce an mayar masa da kai jikinsa. Maganar ta yi zafi, domin fata da nama da hanyoyin jini duk suna nan, abin da ya rabu shi ne riƙon ƙashi da jijiya.

Wani abu da mutane ba su cika ganewa ba shi ne ƙarfen nan na wucin gadi ne a aikinsa, ko da zai zauna a jiki har mutuwa. Riƙewa kawai yake yi na watanni har ƙashin da aka shimfiɗa ya kama ya zama gada. In ƙashi bai kama ba, komai ƙarfin ƙarfe wata rana zai gaji ya karye ko ya saki. Shi ya sa ake hana wanda aka yi wa aikin shan taba, domin tana hana ƙashi haɗewa.

Da yau ne, abubuwa biyu za su iya bambanta. Ɗaure ƙashi da waya tsohuwar dabara ce, tun daga aikin likitoci irin su Gallie a 1939 da Brooks da Jenkins a 1978. Yanzu an fi kafa ƙusoshi masu murɗi kai tsaye a gefunan C1 da cikin C2 a haɗa su da sanduna, dabarar da Goel da Laheri suka bayyana a Indiya a 1994, Harms da Melcher suka gyara ta a Jamus a 2001. Tana riƙewa tun ranar farko, sai dai tana buƙatar hannu mai sanyi, domin ƙusar tana wucewa dab da hanyar jinin nan da ke zuwa ƙwaƙwalwa. Na biyu shi ne lokaci. Wani bincike da aka buga a 2012 ya nuna waɗanda aka sauke wa matsi daga lakar wuya cikin sa'a 24 sun fi samun sauƙi, don haka yanzu ana gaggautawa in jikin majinyaci zai ɗauka.

Bayan tiyata

Aikin ya yi abin da aka yi shi dominsa. Wuya ya tsaya, Reeve ya zauna, motsi bai dawo ba. A ƙarshen Yuni aka mayar da shi cibiyar Kessler da ke New Jersey, mai farfaɗo da masu raunin laka, inda ya zauna har Disamba. A can ya koyi magana da bututun da aka sa masa a maƙogwaro, yana jiran injin ya turo iska kafin ya fitar da kalma. Ya koyi tuƙa kekensa ta hanyar hurawa da zuƙa a wani ɗan bututu. Ya horar da tsokokin wuya har yana iya jan numfashi da kansa na wani ɗan lokaci, abin da ke ceton rai ranar da bututu ya fita da dare. Wani maganin gwaji da aka ba shi a can ma ya tayar masa da borin jini mai tsanani har ya kusa tafiya.

Shekarun da suka biyo baya sun nuna inda ainihin wahalar take. Ciwon huhu, ciwon mafitsara, daskarewar jini a jijiya, gyambo a idon sawu da ya kusa jawo yanke ƙafa. Akwai kuma wani hali da duk mai jinyar raunin laka ta sama ya kamata ya sani. Abu kaɗan a ƙasan rauni, mafitsara ta cika ko bututun fitsari ya toshe ko bayan gida ya ƙi fita, sai jiki ya mayar da martani ba tare da mai shi ya ji komai ba: hawan jini ya yi sama farat ɗaya, kai ya sara, fuska ta yi gumi. In ba a gane ba jijiya na iya fashewa a ƙwaƙwalwa. Abin yi nan take shi ne a ɗaga shi zaune, a sassauta tufafi, a duba bututun fitsari.

A shekara ta 2000, bayan shekara biyar babu wani canji na a zo a gani, sai Reeve ya motsa manunin hannunsa na hagu da gangan. Dokta John McDonald na Jami'ar Washington da ke St. Louis ya bi diddigin abin, ya buga rahoto a 2002: daga A ya koma C, yana jin taɓi a sassa da yawa na jiki, yana ɗan motsa wasu gaɓoɓi, musamman a cikin ruwa. Hoton MRI ya nuna rami a tsakiyar laka a daidai C2, amma da sauran nama a kewayensa, wato ba ta tsinke duka ba. Tun kafin nan yana ta motsa jiki babu fashi, har da keken da lantarki ke motsa masa tsokokin ƙafa. Wannan ya girgiza abin da aka daɗe ana koyarwa, cewa bayan shekara ɗaya ko biyu babu sauran sauƙi. Amma ya kamata a faɗi iyakarsa. Mutum ɗaya ne, ba a iya tabbatar da cewa motsa jikin ne kaɗai ya jawo hakan, bai tashi ya yi tafiya ba, kuma yana da ma'aikatan jinya dare da rana da kuɗin da akasarin mutane ko a Amurka ba su da shi. Abin da ya fi tabbata shi ne motsa jikin ya rage masa yawan kamuwa da cuta, ya kuma ƙarfafa ƙashinsa. A watan Fabrairu 2003, a Cleveland, Dokta Raymond Onders ya dasa masa wayoyi a tantanin numfashi waɗanda ke sa shi motsawa, har ya riƙa yin sa'o'i babu inji.

Duk da wannan kulawa gyambon kwanciya bai bar shi ba. Lafiyayyen mutum ko barci yake yana gyara kwanciya, saboda fata tana kai ƙara in ta matsu. Wanda ba ya ji, ƙashin mazaunai ko na dunduniya yana danne fata a kan katifa, jini ya yanke, nama ya fara mutuwa daga ciki. Alamar farko ita ce wuri ya canza launi ko ya yi ɗumi ko tauri, a baƙar fata kuwa sai an duba da kyau da hannu, domin jan ba ya fitowa fili. Shi ya sa ake juya majinyaci duk bayan sa'a biyu, a duba fatarsa safe da yamma, a kiyaye ta daga jiƙa, a ciyar da shi da kyau. Aiki ne mai gajiyarwa wanda babu mai yabonsa, galibi kuma a kan mata da 'ya'ya da ƙanne yake sauka.

A farkon Oktoba 2004 ana yi wa Reeve maganin wani gyambon da ƙwayoyin cuta suka shiga har suka kai jini. Ranar 9 ga wata, bayan an ba shi maganin kashe ƙwayoyin, zuciyarsa ta tsaya ya shiga dogon suma. Ya rasu washegari, 10 ga Oktoba, a asibitin Northern Westchester da ke jihar New York, yana da shekara 52, shekara tara da wata huɗu bayan faɗuwar. Ba a binciki gawar ba. Matarsa ta yi imanin cewa jikinsa ne ya ƙi maganin da aka ba shi a daren.